Gwiwar Hajiya Raki

Warin man zafi ne ya tare ni tun a matakala. Flat ɗin Hajiya Raki na ƙarƙashin nawa a Cheetham Hill, ita kaɗai take zaune. Na same ta tana gasa gwiwarta da tawul da ruwan zafi. Gwiwar ta kumbura har tana sheƙi.

"Sanyin garin nan ne, Ramlat. Manchester ba ta san rana ba."

Ban iya musu da manya ba. Na dai taɓa goshinta, na ji zafi rau, na kira GP, likitanmu na unguwa.

Ashe ba sanyi ba ne. A asibiti suka zuƙo ruwan gwiwar da allura, suka ɗebi jini, suka yi hoto. Likita ya ce ƙwayar cuta ce. Ta shiga ta wani ɗan miki a dunduniya da ciwon suga ya hana warkewa, ta bi jini ta zauna a gwiwa, ana ta gashi ita kuwa tana cin ƙashi. Suka wanke gaɓar, suka sa mata siririyar roba a hannu, suka sallame ta. Kullum da safe Celestina, wata nas 'yar Jos, take zuwa ta ɗura mata magani.

Ana haka matar Sunusi, ɗan Hajiya, ta haihu a Birmingham. Namiji.

"Mama, ba inda za ki," in ji Celestina. "Infection ɗin nan bai gama da ke ba."

"An haifa mini miji ki ce in zauna? Wata tsohuwar ta riga ni?"

"Mijin da ko haƙori babu."

"Ni ɗin ina da su?"

Ranar suna Celestina ta yi sammako. Ta ɗura maganin, ta naɗe hannun da kyau, ta juyo gare ni. "Kar ki bari ta taka ƙafar nan. In jikinta ya yi zafi, asibiti straight."

Sunusi ya zo ya ɗauke mu. A gidansa na unguwar Sparkhill falo ya cika da mata da turaren wuta. Aka ɗora wa Hajiya jaririn, Taufiq, a cinyarta mai lafiya.

"Kai maigida, tun daga Manchester na taso, ko cefane babu? Barci kawai?"

Ta tofa masa addu'a a ka, ta daɗe tana shafa tafin ƙafarsa da babban yatsa.

Ba ta koma Cheetham Hill ba. Washegari zazzaɓi ya taso, na kai ta asibiti kamar yadda aka ce. Cutar ta riga ta bazu a jini. A can ta cika, Sunusi na gefenta.

Bayan na dawo, Celestina ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, babu jakar aiki a hannunta.

"Da na hana ta..." ta ce.

"Har ƙarin waina ta nema," na ce. Na nemo hoton ranar suna, na miƙa mata wayata.

Ta buɗa hoton da yatsu biyu, Hajiya baki buɗe tana yi wa jariri tsiya. Ta daɗe tana kallo, har ta ɗan murmusa. Sannan ta ajiye wayar a kan tebur, ta fita, ta jawo mini ƙofar a hankali.