Tasar Baba a Panyu

Barmo ya kwance ƙullin zanen a kan teburin mai masana'antar, tasar tagullar mahaifinsa ta bayyana. Mai masana'antar, wani Basine da kowa a nan Panyu ke kira lawban, ya ajiye wata a gefenta, wadda injinsa ya buga daga hoton da Barmo ya aiko. Idan Barmo ya amince, guda dubu za su isa Kano kafin azumi. Ya san kuma daga ranar babu mai sake taka ƙofar maƙerar Baba, inda tasa ɗaya ke cin mako guda.

Wani dattijo Bature mai faffaɗar hula da haƙoran zinariya ya taso daga bencin jira. Ya ce sunansa Yanko, daga Romaniya, ɗan ƙabilar Roma, kuma kakanninsa duka maƙeran tagulla ne. Turancinsa ya fi na Barmo karyewa.

Bai nemi izini ba, ya ɗaga tasar Baba, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ta daɗe tana amo. Ya ƙwanƙwasa ta injin, ta ce "kwas", ta yi shiru.

"Wa ya ƙera wannan?"

"Mahaifina ne, dattijo."

"Yana da rai, ka kawo ta nan?" Yanko ya leƙa cikin sabuwar, ya juya ga lawban. "Ina kuzar da ake shafawa a ciki?"

"Meyo," in ji lawban, wato babu.

"Ɗana, zuba abu mai tsami a nan, ya kwana. Da safe ya zama kore, ka kashe maƙwabtanka."

Barmo ya tuna kunun tsamiyar azumi. Sau da yawa ya ga Baba yana narka kuza yana goga ta da auduga, ya ɗauka ado ne kawai.

"To ke nan na zo a banza," ya ce. "Baba ya tsufa. Kwana huɗu yake yi yana narka tsohuwar wayar tagulla yana dakanta kafin ta baje."

Yanko ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ni me kake tsammani ya kawo ni? Yawon buɗe ido? Fallen tagulla nake saye, shimfiɗaɗɗe. Inji ya yi aikin jaki, guduma ta yi na mutum. Tukunya uku nake gamawa a mako yanzu, ni da wannan kafaɗar."

Barmo ya daɗe yana duban tasoshin biyu. Sannan ya naɗe ta Baba a zanenta, ya ba lawban haƙuri, ya tambayi hanyar sito. Yanko ya bi bayansa.

A can, gaban tarin fallayen tagulla, ya tsaya cak. "Ban san kaurin da Baba yake so ba."

Yanko ya zura hannu cikin ƙullin, ya murza bakin tasar tsakanin yatsu biyu, idanunsa a rufe. Ya wuce tari uku, ya dafa na huɗu.

"Ga shi, shi da kansa ya faɗa."