Taliyar Acha ta Malam Zubair

Malam Zubair ya ture kwanon da bayan hannu. Ya kife, acha ta watse a tsakar gida, kaji suka rufa mata.

"Ku ba tsuntsaye abincinsu," in ji shi. "Ni taliya na ce."

Ina tsaye a bakin zaure. Achar daga gonata ta fito, a gindin dutsen Kagoro. Matata Afiniki ce ta surfa ta, ta rege yashin da ƙwarya har bayanta ya ƙage.

"Malam," na ce, "a gidanmu ba a zubar da hatsi."

"To ka kwashe abinka, mutumin dutse."

Ban kwashe ba. Na zauna.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Kafanchan. Shi ɗan koli ne a kasuwa, ni na gama aikina a shagon gyara na reluwe. A shekarar da gari ya kama wuta, shi ya tsaya a ƙofata, ni na tsaya a tasa. Ba mu taɓa yin maganar ba, ba ma bukata.

Matarsa Kubra ke yin taliyar murji ta sayarwa. Kullum igiyoyin gidansu cike suke da ita, fara sol, tana lilo. Da ita ya tsufa, da manja da yaji. Ba ya sa cokali. Yakan ɗaga zare ɗaya sama, ya karkata kai, ya sauke shi a baki.

A daminar casa'in da ɗaya ciwon suga ya kayar da shi. Babban yatsan ƙafarsa ya yi gyambo, ya ƙi warkewa. Likita ya hana taliya da burodi da farar shinkafa, ya ce acha da wake da ganye. Malam Zubair ya ce abincin da ba a iya ɗagawa ba abinci ba ne. Ya rufe baki. Sai ruwa, sai ɗan kunu idan Kubra ta yi kuka. Wuyansa ya zama kamar na zakara.

"Idan tsawo kake so," na ce masa ranar da ya kife kwanon, "za a yi maka acha mai tsawo."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Kumai, ka taɓa ganin an tuƙa igiya da rairayi?"

Ni ba na son a ce min abu ba zai yiwu ba.

Afiniki ta kai achar inji aka niƙa. Kubra ta kwaɓa, ta sa a injin taliyarta, ta murza. Abin ya zubo gutsi-gutsi kamar tsakin kaza. Na kwance injin, na sassauta ƙarafan da ke matse ƙullun, na mayar. Haka dai. Agatha, matar Onyekwere direban jirgi, ta leƙo ta ce a garinsu ɗanyen filanten, wato agade, ake ba mai suga.

"Ki sa shi, Mama, zai kama. Na rantse da Allah, ƙanen babana da shi ya kai tamanin."

Muka busar, muka daka, muka haɗa. Ƙullun ya yi baƙi, ya tsinke. Muka fasa ƙwai. Ya fito kamar tsawon yatsa, ya karye.

Daga ɗaki Malam Zubair yana jin ƙarar injin. "Injiniya! Jirgin ya tashi?"

"Ka yi shiru ka tara ƙarfi."

Afiniki ce ta gano. Tana kaɗa miya ta tsaya da maburgi a hannu. "Maigida, kubewa fa? Shi ne yana riƙe miya. Me zai hana ya riƙe acha?"

Aka zuba garin busasshiyar kubewa da ɗan garin alkama mai dusa. Ƙullun ya yi kore-kore, yana santsi. Kubra ta murza a hankali, ni na tara hannu. Zaren ya sauko, ya wuce tafina, ya wuce gwiwar hannuna, bai tsinke ba. Afiniki ta ce, "Yesu na gode!" Kubra ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni na rataya shi a igiya.

Sai ruwa ya ƙi mu. Wanda ya san watan Agusta a Kafanchan ya san abin da nake nufi. Rana ba ta leƙo ba. Muka mayar da igiya rumfa, taliyar ta ƙi bushewa, ta yi furfura, ta yi tsami. Muka zubar, muka sake. Ita ma haka.

Ƙafar kuwa ta kumbura har ƙauri. Asibiti suka ce a yanke, ya ce da ƙafa biyu ya zo, da biyu zai koma.

Wata safiya Kubra ta tare ni a zaure. Ta durƙusa, abin da ba ta saba ba. A hannunta akwai ƙullin farar taliya, irin ta sayarwa.

"Baba, mutumin nan tafiya zai yi. In bar shi ya tafi da yunwa, alhali abin da yake so yana rataye a kansa?"

"Idan kin ba shi wannan, kin sallame shi ke nan."

"In ban ba shi ba fa?"

"Ki ba ni yau."

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Sannan ta tura shi cikin zaninta.

Na ce kada a jira rana. A murza, a jefa a tukunya ɗanya. Kubra ta ce ba a yin haka, za ta narke ta zama kunu. Na ce ruwan ya tafasa sosai tukuna, kuma kada a sa muciya. Muka tsaya mu uku a kan murhu, hayaƙin jiƙaƙƙen itace yana cin idonmu. Rabi ta narke. Rabi ta taso.

Bayan la'asar aka jingina Malam Zubair da bango. Kubra ta ajiye kwanon, ta zuba manja kaɗan, ta barbaɗa yaji. Ya leƙa.

"Wannan launi fa? Kamar agwagwa ta bi ta kai."

"Ɗaga ka gani."

Ya kama zare ɗaya, ya ɗaga. Ya kai ƙirji, ya kai haɓa, ya wuce goshi. Ya karkata kai ya sauke. Ya daɗe yana taunawa.

"Acha ce," in ji shi. "Ta ari riga kawai."

"Ka haɗiye?"

"Na haɗiye."

Ya sake ɗagawa. Ya sake. Kubra ta juya fuska bango, kafaɗunta na motsi. Bai cinye ba, amma ya ga gindin kwanon ta gefe ɗaya. Ya lashe yatsa.

"Kubra, gobe a rage kubewar. Ta yi yawa."

Tun da muka fara, ranar ce ya ce gobe.

Washegari da hantsi na ji injin yana juyawa ta bayan katanga. Ina wasa fartanya. Sai ƙarar ta tsaya a tsakiya. Na jira ta ci gaba. Abin da na ji salati ne.

Na bi su har maƙabarta. Da suka yi sahu na tsaya baya, hulata a hannu. Da aka zo rufewa, wani ya miƙo min shebur, na karɓa. Ƙasar ta jiƙe, tana da nauyi.

Da na dawo, mata sun cika ɗakin Kubra. Injin na nan daure a benci a ƙarƙashin rumfa, zaren da aka fara murzawa yana rataye a bakinsa, bai kai ƙasa ba. Afiniki ta ce in aka bar ƙullun ya bushe a ciki, injin zai lalace. Ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta zauna, tana sakace haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙe mata bencin. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi.