Gwaggo Talatu a Gidan Baya

Ranar da aka ɗaura auren Fa'izu da Hamida, a bayan babur ya shiga Kanyar Tudu. Motar da ya aro ce ta mace masa a Aujara, lokaci kuma ya ƙure, sai ya ɗale bayan wani ɗan acaɓa, babbar riga tana filfila kamar tutar makarantar firamare. Ba wanda ya ce masa uffan a gabansa. Amma kun san mutanen ƙauye da riƙon labari. Tun daga ranar nan sunansa a garin ya koma Angon Acaɓa. Har tsofaffin da idonsu ya yi rauni, in aka ce mijin Hamida, sai su ce, "Au, Angon Acaɓa?"

Sunan nan ya tsaya masa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Ma'aikaci ne a sakatariya a nan Dutse, mai son a ce da shi ranka ya daɗe, sai ya yi wa kansa alkawari ba zai sake taka garin surukansa ba sai a cikin motarsa ta kansa, motar da za ta goge wancan suna. Sallah ta zo ta wuce, ta waya ya yi gaisuwa. Aka yi rasuwa a dangin matarsa, ta waya ya yi ta'aziyya.

To, Allah ya ba Hamida ciki. Na fari ne, dole a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kuma watan haihuwar ya faɗo tsakiyar marka, lokacin da sama ba ta gajiya da zuba. Wannan karon babu batun waya. Fa'izu ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa, ya nufi wajen wani dillalin motoci mai suna Isah.

Motoci biyu ne suka yi daidai da aljihunsa. Ɗaya jif ce mai dogayen ƙafafu, fentinta ya koɗe, irin wadda ake ce wa mai fowil, wato duk ƙafafunta huɗu ja suke yi. Ɗayar kuwa doguwa ce baƙa, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, kuma ƙafafun baya kaɗai ke tura ta. Fa'izu ya tambayi Isah wacce ta fi. Isah ya dubi inda idon Fa'izu ya fi daɗewa, ya ce ai wannan baƙar ba ta da sa'a. Da jif ɗin ya kalla, da ita ce ba ta da sa'a. Dillali ke nan, in ka ce masa yau rana ta fito daga yamma zai ce shi ma ya gani.

Da ya koma gida ya nuna wa Hamida hotunan, sai ta ɗora yatsa kan jif.

"Yaya, wannan za ka saya. Ka san hanyarmu. Daga Aujara kwalta ta ƙare, ga fadama biyu kafin a hau tudu."

"Wannan? In na shiga garinku da wannan cewa za a yi masu allurar rigakafi ne suka zo, yara su watse."

"Gara yara su watse da mu kwana a fadama."

Sai ya gyara zama irin na mai shirin ba da karatu, ya buɗe waya. Ashe bawan Allah ya kwashe kwanaki yana kallon Turawa suna gardama a kan motar da ta fi dacewa da lokacin sanyinsu, sanda ƙanƙara ke rufe musu hanya. Ya ce ƙanƙara ta fi laka santsi nesa ba kusa ba, amma ga mutane nan suna ratsa ta da mota mai jan baya. Ya ce ba yawan ƙafafun da ke ja ba ne, ilimi ne.

Hamida ta ce, "Kai ka taɓa ganin ƙanƙara in ba a cikin zoɓo ba?"

"Matsalarku ke nan, ba kwa bincike."

"To a ƙasar tasu akwai fadamar Kanyar Tudu?"

Washegari baƙar mota ta kwana a ƙofar gida, ya fito da tsumma yana goge ta kamar mai yi wa jariri wanka.

Abin da bai gaya wa Hamida ba shi ne dabarar da ya gani a wayar. Mota mai jan baya, in bayanta ba nauyi, ƙafafun sai su yi ta juyawa a banza. Shi ya sa Turawan ke loda buhunan yashi a but kafin su shiga ƙanƙara. Amma but ɗin Fa'izu na kayan Hamida ne da tsarabar surukai. Ban da haka ma, a ce ya buɗe but a ƙofar gidan Malam Muntaka, mahaifin Hamida, a ga buhun yashi? Mutumin Jigawa ka kai masa tsarabar yashi? Ai da sunan acaɓa ya fi masa sauƙi.

Nan ne ya tuna da Gwaggo Talatu.

Gwaggo Talatu ƙanwar mahaifinsa ce, nan unguwarmu take tuyar waina. Allah ya hore mata jiki, ba na zagi ba. In ta shiga adaidaita sahu, direba ba ya sake neman fasinja. Mace ce mai kirki da saurin hawaye, kuma ita ta goyi Fa'izu lokacin da aka yaye shi. Tun da ya samu aikin gwamnati kuwa, hanyar gidanta ta ɓace masa. Sai ga shi ranar nan da goro da sabulu, ya durƙusa har ƙasa, wai ya duba duk dangi bai ga wanda ya cancanci ya raka Hamida gida ba sai ita.

Baiwar Allah ta fashe da kuka. Kafin magariba babu gidan da bai ji ba. Ni kaina sai da ta shigo ta gaya mini, ta fita, ta dawo ta sake gaya mini. "Kin ga ɗan da na goya? Ashe bai manta ba." Ta sa lalle hannu da ƙafa, ta fito da atamfar da ta ajiye tun bikin wata jikarta, ta rufe tandar waina.

Ranar tafiya an kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Fa'izu ya sha farar shadda, ya buɗe wa Gwaggo ƙofar baya da hannunsa.

"Nan ne wajen manya, Gwaggo. Ki ɗan matsa tsakiya. Yawwa. Ki jingina sosai."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

"Kin dai karya da kyau ko?"

"Na sha koko."

"Koko kaɗai?" Ya tsaya a bakin hanya ya sayo mata burodi da tsire. Gwaggo ta sake share hawaye da gefen mayafi. Hamida, da ke gidan gaba, ta dube shi ta gefen ido, don ita bai taɓa tambayarta ko ta karya ba.

Har Aujara lafiya lau, mota tana tafiya kamar a kan katifa. Da suka sauka daga kwalta, gero ya rufe hagu da dama, hanya ta koma ramuka da kududdufai. Suka iso fadama ta farko, baƙar laka shimfiɗe, sawun shanu duk ya cika da ruwa. Hamida ta fara salati. Fa'izu ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya danna. Motar ta karkaɗa baya kamar tarwaɗa, ta yi gurnani, ta yi kamar za ta tsaya, sai ƙafafun baya suka kama ƙasa, ta fice.

Da ya yi shiru a nan, da labarin ya ƙare da daɗi. Amma mutum irin Fa'izu, in ya yi daidai sau ɗaya, sai duniya ta ji. Ya bugi sitiyari yana dariya.

"Kin gani ko? Ina jif ɗin taki? Na gaya miki ilimi ne. Nauyi a baya, shi ke nan. Su Turawa buhunan yashi suke lodawa, ni kuwa da na zauna na yi tunani, sai na ga ai muna da..."

Ya haɗiye sauran. Amma magana zarar bunu ce.

Can sai muryar Gwaggo ta fito daga baya, a sanyaye.

"Kuna da wa?"

"A'a Gwaggo, maganar injin ce."

"Tsaya."

"Gwaggo, ga fadama ta biyu nan gaba, in muka..."

"Fa'izu, na ce ka tsaya."

Ya tsaya. Ta ɗauki ƙullin kayanta, ta buɗe ƙofa, ta sauko a hankali. Bayan motar ya ɗaga sama har da 'yar ƙara, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Ta gyara ɗaurin zani, ta zagayo ta gefen tagarsa.

"Ashe ni ce buhun yashin. Shi ne tsiren? A ƙara wa buhu nauyi?"

"Wallahi Gwaggo ba haka..."

"Kar ka rantse, ka bar wa kanka ko wannan. Na goya ka a bayan nan har ka yi wayo, kana yi mini fitsari a zani, ƙaton kanka kamar tulu. Ban taɓa cewa kaya na ɗauko ba. Dubi hannuna. Lalle na sa saboda kai. Na gaya wa unguwa ɗana ya tuna da ni."

Ta juya ta nufi gindin wata tsamiya, ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna. Hamida ma ta buɗe ƙofa, ta dafe ƙugu ta sauko, wai ba za ta bar Gwaggo ita kaɗai ba. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ita dai ta ce mini kuka take yi.

Fa'izu ya yi roƙo, ya yi magiya. Gwaggo ta ɓare goron da ya kai mata, ta ce goron dai ta karɓa, amma hayar ta ƙare. Daga nan sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce shi ke nan, zai tsallake shi kaɗai su gani da idonsu, in sun huce sa tako ta gefen gona su same shi. Ya ja da baya, ya taho da gudu.

Bai kai tsakiya ba. Ƙafafun baya suka shiga juyawa a wuri ɗaya suna feshin laka har kan rufin mota. Ya ƙara wuta, suka ƙara tona. Ya sa ribas, suka tona ta can. A hankali motar ta durƙusa kamar raƙumi, cikinta ya zauna daram, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ta yi tari ta mutu. Ya fito ya duba, laka ta karɓe shi har gwiwa, ta riƙe takalmi ɗaya ba ta mayar ba.

Yana tsaye a haka sai ga amalanke daga ɗaya gefen, bijimai biyu suna ja. Malam Muntaka ne da kansa. Ashe tun da safe Hamida ta kira mahaifiyarta ta faɗa mata irin motar da za su zo da ita, shi kuwa dattijo igiya kawai ya nema.

Yanzu fa, suruki ba a gaishe shi a tsaye. Fa'izu ya duba hagu laka, dama laka. Ya rufe ido ya durƙusa a inda yake, farar shadda ta nutse har ƙugu.

"Malam Fa'izu, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. Ya aiki? Ya mutanen Dutse? Ya muka ji da ruwa?"

Dattijon nan bai rage ko gaisuwa ɗaya ba, bai kuma kalli motar ba ko sau ɗaya, kamar ba ta wurin. Sai da ya gama tsaf, sannan ya ratsa da amalanke ya je ya gaida Gwaggo. Ta tambaye shi ko shanunsa ma suna bukatar nauyi a baya. Ya ce a'a Hajiya, su dai baƙi suke ɗauka. Ya tsallakar da matan, ya ce bari ya kai su gida tukuna, mai ciki ba ta jira. Fa'izu ya zauna kan but yana gadin motarsa, sauro suna gadinsa.

Da dattijo ya dawo, ya ɗaura igiya, bijimai suka fizge ta kamar an cire haƙori. Sai dai ta ƙi tashi. Haka aka ja ta har cikin gari, Malam Muntaka a gaba da sanda a kafaɗa, Fa'izu a ciki yana riƙe da sitiyari da ƙafa ɗaya ba takalmi. Kuma don Allah ya nufa, daidai lokacin aka sallame la'asar, jama'a suna fitowa daga masallaci.

Wani tsoho ya kare ido da hannu ya ce, "Wane ne wannan?"

Aka ce, "Angon Acaɓa ne."

"Af. Bana shanu ya samu? To, an ci gaba."

Sai da aka ɗauko makanike daga Aujara washegari kafin ta tashi. Gwaggo ta ce ita ba inda za ta, tana nan sai an yi suna, kuma a motar kasuwa za ta koma, inda ake biya a zauna da mutunci. Da Fa'izu ya zo tafiya, ya leƙa ya yi mata sallama, ta ce ya je, ta sa an ajiye masa saƙo a mota.

Ya buɗe ƙofar baya. Buhu biyu ne na yashi zaune a kan kujera, an jingina su sosai, a tsakiya. An ma ɗaura wa ɗaya ɗankwali.

Muryarta ta biyo shi daga cikin gida. "Ga gwaggonninka nan. Su ba sa jin magana, sai ka yi ta faɗar abin da ka ga dama."

Bai sauke su ba. Fadama biyu ce a gabansa.