Damisa Mai Ƙafar Dama

Shekara ashirin da biyu ina gadin gandun dajin tsaunukan nan, kuma wallahi gwiwoyina sun gaji da ni kamar yadda na gaji da su. Mu biyu aka ɗauka aikin. Ɗayan ya yi ritaya, har yau ba a turo kowa ba.

Kada in yi ƙarya, ba ni nake tsare dajin ba, damisa ce. Mutanen gindin dutse sun gaji labarin cewa wata tsohuwa ce ta rikiɗe ta zama damisar, take gadin marmaron da ke can ƙoli, duk wanda ya sare itace a wurin ba zai koma gida ba. Saboda tsoronta masu gawayi ba sa wuce kwazazzabo na biyu. Ran da suka wuce, itatuwa sun tafi ke nan, marmaro ya ƙafe, gada da birai su watse.

To, yau shekara uku da na tsinci gawarta a bakin kogo, tsufa ya gama da ita. Na binne ta na ja bakina na yi shiru, ko matata ban gaya wa ba. Na samu ice na sassaƙa dagi irin nata. Duk bayan ruwan sama sai in hau ina dangwala sawu a laka, ina nishi.

Ran nan na sauko da azahar, sai ga tsohon maharbin ƙauyen zaune a ƙofar ofishina. Sau biyu na taɓa ƙwace masa tarko, tun lokacin ba ma ga maciji. Ya ce ya ga sabon sawu a bakin rafi. Na ce ai tana nan daram. Ya dube ni ya ce:

"Malam mai gandu, damisar nan taka duk ƙafafunta huɗu na dama ne."

Na zauna a benci. Na tambaye shi su wa ya gaya wa.

Ya kwance wani ƙullin tsumma ya ajiye kusa da ni. Dagin hagu ne, kuma abin haushi sassaƙarsa ta fi tawa kyau. Ya ce jikokinsa ruwan marmaron nan suke sha. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar.

"Kai ɗingishi, ni ɗingishi. In an yi ruwa ka biyo ta gidana, ni zan riƙe hagun."