Jabel ɗin Yaya Gumsu

…ga shi kuwa yana zuwa. Yana zuwa, Yaya Gumsu. Siriri dai, bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba, amma ruwa ne, daga bakin tiyo zuwa cikin bokiti — tsaya, kar in yi saurin murna. Madam ta ce na farkon ba a sha, a bar shi ya wanke hanyarsa tukuna. To, na bar shi. Ina durƙushe gaban injin kamar mai jiran akuya ta haihu, gwiwoyina sun mutu, zufa na shiga min ido, kuma ba na so in ƙifta. In na ƙifta ya tsaya fa?

Na san abin da za ki ce. Za ki ce, Mahdi, kana zaune bisa ruwa kana kukan ƙishirwa, wannan wane irin shashanci ne? Ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa ƙarƙashin ƙafarka. Zo ki ɗanɗana mana. Rijiyar bayan kasuwar Dungas da kuke ta zagi, wadda kuke cewa zartsi gare ta, ko wake ba ya nuna da ruwanta… wallahi zuma ce in aka jera ta da teku. Mu uku ne cikin jirgin nan: ni, da Tsoho mai jirgin, Bature ne, da matarsa Madam. Duk abin da muke sha injin nan ke yi. Yana zuƙo teku, ya bi da shi ta matatu biyu, farare, masu ninki-ninki, su tare datti. Sannan ya matsa shi cikin wani dogon bututu mai tantani, gishiri ya tsaya, ruwa ya wuce. Shi ke nan fa. Ran mutum uku a rataye jikin tantani, abin da ban taɓa ganinsa da idona ba ma.

Yana zuwa. Bai tsaya ba. Alhamdu lillahi.

Bakin kogin nan ne ya cuce mu, inda muka tsaya kafin mu fito fili. Ruwan laka, ja kamar kunun kanwa, injin ya yi ta sha, matatu suka yi ta toshewa, ana cirewa ana sa sababbi har sababbin suka ƙare. Wa ya lura? Tsoho ne mai lura da irin wannan, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi tun da ƙasa ta ɓace mana. Yana can ƙasa yana nishi, leɓensa ya tsattsage, yana kiran sunan wata mata da ba Madam ba — uwarsa ce wai. Iska kuma ta yi mana rowa, ƙyallen jirgin ya saki jiki, muna tafiya kamar amalanken da sa ɗaya ke ja. Jiya injin ya yi wani irin gurnani ya yi shiru. Na ƙwanƙwasa tanki da bayan yatsa. Kin san amon randa in ta kusa ƙarewa, wanda Inna ke ji daga cikin ɗaki ta ce wa ya sha bai cika ba? Shi na ji.

Sai Madam ta tuna da tsofaffin matatu. Akwai wasu guda biyu da Tsoho ya taɓa wankewa ya ajiye cikin akwati ƙarƙashin benci. Ya ajiye su da danshinsu, bawan Allah. Na buɗe ledar — wayyo hancina! Ruɓaɓɓen ƙwai, Yaya. Ƙwan da kaza ta gudu ta bari. Sun yi baƙi-baƙi, ga gansakuka cikin ninkin, ga santsi. Madam ta ce in wanke su da kyau, ta sauka wajen mijinta. Da kyau, ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan, ki zama shaida.

To me kika koya min? Ke fa. Ke da rigarki ta ma'aikatan lafiya da ta yi miki yawa, tsaye a bakin rijiya shekarar amai da gudawa, kwalba a hannu, fuska a murtuke kamar jandarma. Duk bidon da aka cika, jarkar ruwa ke nan, sai ya bi ta gabanki ki ɗiga masa jabel, ruwan maganin nan mai kashe ƙwayar cuta. Har Malam Ukasha, da gemunsa da komai, kika tare shi kika ce Malam a ajiye bidon. Ya ajiye kuwa. Ana ta fitar da gawa daga unguwar gabas, mu gidanmu ko ciwon kai… Kika mare min hannu ran da na kai moɗa baki ba a ɗiga ba, har yanzu in na tuna sai wurin ya yi min zafi. Abu in yana wari, jabel. Abu in ana tsoronsa, jabel. Tun ina tuƙa kabu-kabu tsakanin Dungas da Magarya, har na gangara Kwatano, har na zo Dakar ina gadin jirage, duk ɗakin da na kama sai na fara wanke shi da jabel kafin in shimfiɗa tabarma. Ya shiga jinina, laifin wa?

Na ɗauko kwalbar daga banɗaki, na tsiyaya a bokiti — ban yi rowa ba kuwa — na tsoma su. Suka yi fari fat. Warin ya gudu. Har waƙa nake yi, ki ji fa, waƙa! Ina cewa yau Madam za ta san ta ɗauki ɗan gidan tsabta. Na ɗauki ɗaya tana ɗiga, na buɗe gidanta a jikin injin, na kai hannu…

Ban taɓa jin tsohuwa ta yi irin wannan ƙara ba. Hancinta ne ya hawo da ita. Ta fizge matatar daga hannuna, ta yi jifa da ruwan bokitin cikin teku. Sai da ta zauna ta dafe ƙirji kafin ta iya magana, da Faransanci sannu-sannu kamar tana koya wa ɗan lakwal, ɗan aji ɗaya. Wai jabel cin tantanin yake yi. In ya shiga bututun ya huda shi, hudar da ido ba ya gani, gishiri ya riƙa wucewa abinsa. Ba a ɗinkewa, ba a liƙewa, babu wani a jirgin. Saura ƙiris, Yaya. Tsakanin hannuna da gidan matatar bai kai taƙi ba.

Abin da ya raya Dungas shi zai kashe mu a nan. Ta ina zan sani? Wa ya taɓa gaya min akwai dattin da ba a kai masa jabel? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba — da ita, da Tsoho da ya ajiye abu da danshi, da ke ma. Har na ce a zuciyata in na koma sai na fasa miki kwalbar nan. Sannan kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke rasa inda zai sa idonsa, ga jirgin kuma ba shi da bayan ɗaki da za ka je ka ɓuya.

Bokiti ya kai rabi. Sautin ya canza, ya daina ƙarar roba, ya koma na ruwa bisa ruwa. Kin ji daɗinsa?

Teku ce ta wanke matatun. Abin dariya. Madam ta ce tekun da ta ɓata su ita za ta gyara. Na zura igiya ta ramin tsakiyarsu, na ƙulla irin ƙullin guga, na sake su bayan jirgi, suna ta tsalle cikin kumfa tun hantsi. Ina riƙe da bakin igiyar duk da na ɗaure ta jikin ƙarfe. In ta tsinke fa? In wani kifi ya ga fari ya zaci abinci ne? Na jawo su, na zauna, na bi ninkin ɗaya bayan ɗaya da tafin yatsa, a hankali, ba a sa buroshi, yagewa suke yi. Na sake jefa su. Na sake jawowa. Na shinshina, ta shinshina. Ta girgiza kai, suka koma ruwa. Har hancina ya mutu, ban san warin jabel ba, ban san warin hannuna ba.

Sannan rana. Na shanya su bisa wayar gefen jirgi, ina juya su — ƙyallen Inna ke nan a kan darni. Farin ƙyallen nan da take ɗaure wa bakin tulu in an ɗebo ruwan tafki, saboda kurkunu. Ta wanke, ta shanya, ta hana kowa taɓawa, ko majina ce ta zubo maka gara ka share da riga. Ƙafar Baba a miƙe bisa turmi, tsutsar na fitowa ana naɗe ta jikin tsinke kaɗan-kaɗan, damina guda bai taka gona ba, ke da Inna kuka yi noman gero… Ƙyalle ɗaya, shekara nawa yana aiki? Ba a taɓa cewa a jefar a sayi sabo ba. Ashe Turawa ma haka suke yi in sun matsu, su wanke, su shanya, su mayar. Na ɗauka su komai sau ɗaya ne.

Na yi azahar kusa da su ina satar kallonsu, Allah Ya yafe min. Da ruwan teku na yi alwala. Kin tuna na gaya miki farkon hawana jirgi na zo da ƙullin yashi don taimama? Malamin masallacinmu na Dakar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce teku mai tsarki ce, yi alwalarka. To ga shi. Ruwan salla ba a rasa ba. Ruwan wankan gawa ma ba za a rasa ba — a'uzu billahi, me ya kawo wannan? Amma na yi tunaninsa, Yaya. Ina cikin sujada na yi tunaninsa. Na ce wa zai fara, Tsoho ne, sai ita, sai ni in rage ina kallon ruwa.

Da suka bushe ne na mayar da su gidajensu, muka tayar da injin, ga mu nan. Madam ta taɓa min kafaɗa. Ta miƙo kofi. Yanzu, ta ce. Ɗan abin awon gishirin ya mutu tuni, harshe ne kaɗai alƙali.

Bismillahi.

Gishiri… a'a. Tsaya. Leɓena ne, feshin teku ya bushe a kai tun safe. In goge da bakin riga. Rigar ma gishiri ce! Komai na jirgin nan gishiri ne, har gashin idona. In kurkure baki in zubar? In zubar da — to, na haɗiye. Na biyu. In bar shi bisa harshe, in jira zartsin ya taso daga baya yadda na rijiyar kasuwa ke yi, ya kama maka maƙogwaro bayan ka riga ka yaba… Ina jira. Bai taso ba. Ɗumi gare shi, da ɗan warin roba, ba shi da garɗin ruwan randa ko kaɗan, ruwa ne salam kamar na sama. Ban yarda da bakina ba. Na miƙa mata.

Ta rufe ido. Ta riƙe shi a kumatu, tsohuwar nan, kamar mai ɗanɗanar miyar suruka. Ta haɗiye. Ta gyaɗa min kai kawai, hawaye na bin ramukan fuskarta. Ta sake tara kofin, ta riƙe shi da hannu biyu, ta sauka matakala da baya-baya.

Ina jin su daga nan. Tana ɗaga masa kai. Ƙwat… ƙwat… ƙwat. Maƙogwaron Tsoho ke nan. Wallahi ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan ba, ko na ranar bikinki. Ya yi tari. Yana magana — me ya ce? A ƙara. A ƙara, ya ce! Sha, Tsoho, sha, akwai. Na mayar da tiyon cikin tanki, ina jin yana sauka can ƙasa cikin duhu, yana taruwa.

Ta leƙo ta ce kar mu saki jiki duka. In akwai sauran jabel da ya maƙale cikin ninkin, ba yau zai nuna ba, a hankali yake ci. Gobe mu ɗanɗana, jibi mu ɗanɗana, har mu ga tsibirin da muka nufa. To. Na ji. Goben ta zo tukuna. Yau dai akwai ruwa, kuma ba hannuna ne ya — ba ni ne na…

Me ya sami hannun nan? Na tara kofi don kaina, cikakke, na farko da zan sha ba tare da an auna min ba, ga shi yana rawa kamar na mai farfaɗiya. Tsaya mana. Ɗazu da ake tashin hankali ƙalau kake, ka ƙulla igiya, ka bi ninki, ka ɗaura murfi, sai yanzu da komai ya wuce? Yana fantsama. Yana bin gwiwar hannuna, yana ɗiga bisa katako, ruwan sha, ina kallonsa yana bin tsagin katakon yana tafiya, kuma na kasa ko matsawa.

Ashe tsoro nake ji, Yaya. Tun jiya. Ban sani ba sai yanzu. Ba tsoron mutuwar ba ma — tsoron a ce ni ne. Mutane biyu sun ɗauke ni daga bakin ƙofa sun ba ni amanar ruwansu, in kashe su da tsabta, ina waƙa…

In zauna tukuna. Bari in jingina da injin, ɗuminsa na shiga bayana, yana ta bugawa, yana ta bugawa. Zan sha. Yanzu zan sha, in numfashina ya dawo. Karɓi kofin nan ki riƙe min kafin ya ƙare a ƙasa, Yaya Gumsu, karɓi mana, hannuna ya —

Au. Ba kya nan.