Tandun da Ya Kwana Cikin Mangwaro

Kwana tara na yi a garin Farrukhabad wajen haihuwar yayata, kuma sai da na sa ƙafa a ƙofar gidanmu na tuna da tandun turaren. Ko takalmi ban cire ba na nufi ɗakin ƙarƙashin bene.

Ranar da zan tafi, ina saman bene ina juya tanduna a rana hadari ya taso ba sallama. Ƙananan na kai ɗakin aiki. Babban, da yake yana da nauyi, na tura shi ƙarƙashin bene da niyyar in ruwa ya ɗauke in dawo. Kafin ya ɗauke aka bugo waya Yaya Sabiha na naƙuda. Ni kuwa, sarauniyar mantuwa, na bi motar farko.

A wannan ɗakin Ammi, mahaifiyarmu, take binne mangwaro irin na dasheri cikin busasshiyar ciyawa duk damina, don ya nuna. Na buɗe ƙofa, ƙamshi ya buge ni har maƙogwaro. Ga tandun can a tsakiyarsu, ya yi zamansa kamar shi ma nuna yake jira.

Ko yaron goye a garinmu Kannauj na Indiya ya san fatar raƙumi, wadda ake yin tandu da ita, tana numfashi. Shi ya sa muke zuba turare a ciki, sauran ruwan ya fita, man ya zauna. Amma ƙofar da ruwa ya bi ya fita, ta nan wari yake shiga. Abin da ke cikin tandun nan kuwa man itacen turaren ud ne na jihar Assam, shekara uku Abba yana renonsa a kan sandal. An yi wa Begum Shaista alkawarinsa, mai babban kantin nan na birnin Lakhnau da ke ɗura turare a kwalabe masu murfin zinare. Yau bayan la'asar za ta zo.

Na cire toshiyar, na ɗiga a bayan hannu. Mangwaro ne ya fara yi mini sallama, nunanne, mai haske. Sai ud ɗin ya biyo baya da duhunsa da hayaƙinsa. Can ƙasa kuma fatar kanta, wadda zafin ɗakin ya sa ta yi gumi ta ba da nata. Abin haushin ma, daɗi gare shi. Amma ba daɗi aka yi alkawari ba, ud ɗin gidan Abba, Ustad Mushir, aka yi alkawari.

Na sami Ammi a madafa tana murza garin burodi.

"Ammi, kin kashe ni. Duk faɗin gidan nan ki rasa inda za ki kai mangwaronki?"

"Ji mini 'ya. Shekara talatin can nake kai shi. Tandunki ne ya zo baƙunta, ba a gayyace shi ba."

"Abba zai kore ni."

Ba wasa nake ba. Abba fa shi ne mutumin da ya sallami ɗan ƙaninsa daga ɗakin aiki don ya ci ɗanyar albasa ya shigo. Ranar da ya yarda na fara aiki da shi, dangi na ta surutun wai mace a bakin tukunyar turare, abu ɗaya ya ce mini: "Kuskure ɗaya, Nigar, ki koma wajen uwarki." Shekara shida ina taka-tsantsan. Ban san wani aiki ba, kuma ba na son wani.

Ammi ba ta ko ɗago ba. "Ki kai masa kawai."

"Haka kawai?"

"To ni zan kai? Hannuna duk gari."

Sanyin da ta yi ya ƙara tayar mini da hankali. Na yi tunanin in tace man in sauya masa tandu, na yi tunanin in ƙara sandal in danne. Duk shirme. Hancin Abba ne fa. Muna yara, daga bakin titi yake sanin Ammi ta ƙona madara. 'Yan shekarun nan dai ya daina mitar, muka ce tsufa ne ya sanyaya shi.

Ana idar da la'asar ya kira ni. Yana zaune a kan farar shimfiɗarsa, kwalabe jere a gabansa, tabarau a ƙarshen hanci.

"Ya mai jego?"

"Lafiya lau, Abba. Namiji ne."

"Madalla. Kawo na Begum."

Na ajiye tandun a gabansa. Ɗakin duk ya ɗauki mangwaro, ni kam har kunya nake ji. Ya tsoma tsinke ya shafa a wuyan hannunsa, ya kaɗa shi a iska, ya kai hanci. Ya lumshe ido.

"Daidai," ya ce. "Kamar na kullum."

Na ɗauka gatse ne. Na jira tsawar, ba ta zo ba. Sai ya miƙo mini hannun, kamar yadda ya saba tun bara waccan, wai yana koya mini. "Shinshina ki faɗa mini abin da kika ji."

Na sunkuya. Da na ɗago, na tarar ba hannunsa yake kallo ba, fuskata yake kallo. Kallon mai son ya karanta wasiƙa ta cikin ambulan. Nan take komai ya dawo mini: madarar da aka daina mita a kanta, kowace kwalba da sai na shinshina kafin ya yanke hukunci, da Ammi mai cewa ki kai masa kawai. Hancin Abba ya daina jin ƙamshi.

Da zan ce daidai ne, na tsira. Amma Begum za ta zo ta shinshina, ta ji mangwaro, ta dubi mutumin da ya ce mata kamar na kullum. Kafin magariba labari ya gama kasuwa.

"Abba," na ce, "ba daidai ba ne. Na manta shi kwana tara cikin mangwaron Ammi."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ya kama sosai?"

Ba tambayar malami ba ce. Wallahi gara tsawar da nake tsoro sau goma da wannan tambaya. Hawaye ya cika mini ido.

"Sosai, Abba. Mangwaro a sama, ud a tsakiya, fata a ƙasa."

"Da daɗi?"

"Ban taɓa jin irinsa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sake kai hannun hancinsa, ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke.

A waje mota ta tsaya, muka ji muryar Begum tana gaisawa da Ammi. Abba ya matsa gefe a kan shimfiɗar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, ya dafa wurin.

"Zauna nan. Ke za ki yi mata bayani." Ya riƙo hannuna. "In ta miƙo mini wata kwalba, Nigar, kada ki tashi."