Kwamfutar da Ta San Mai Ita

"Madabod ne ya ƙone," in ji Injiniya, ya gyara zaman tabarau. Babban allon da ke cikin kwamfutar yake nufi. Faɗa ta uku ke nan, kuma ko murfinta bai buɗe ba.

Injiniya ɗan ƙanin Baba Tafireta ne. Satifiket ɗinsa biyu, duk yana yawo da hotonsu a waya. Ita kuwa 'yar maƙwabta, wadda duk layin ke kira Sukudireba, a bidiyon waya ta koyi gyara, bayan ta lalata rediyon babanta sau biyu. Iya, matar Baba, ce ta sa aka kirawo ta.

Baba na kwance a gadon da aka jawo masa falo, kwana tara bai taka ƙasa ba. Shekara arba'in yana buga wa mutane takardu, yanzu magana ma sai ya huta a tsakiya. Likita ya riga ya ce a bar shi ya ci abin da ransa ke so. Shi kuwa takarda ɗaya yake so a fitar masa daga kwamfutar, ita kuma tun da ya kwanta ta ƙi tashi.

"Ni dai... in na zauna, tashi take," ya ce.

"Baba, na'ura ba ta san mutum ba. Wannan kimiyya ce," in ji Injiniya.

"To kimiyyar ta tashe ta mana," in ji Iya.

Sukudireba ta kwance murfin, ta hure ƙura, ta ciro memori ta goge ta mayar. Ta danna. Shiru, ko fanka ba ta motsa ba. Fitilar soket ɗin ƙarƙashin tebur kuwa na ci, shi ya sa ba wanda ya zarge shi. Ta gaji, ta zube a kujerar Baba. Daga nan ne ta hango bayan fulogin ya goge har yana sheƙi, ga silifas ƙafa ɗaya a gefe.

"Iya, ina Baba ke ɗora ƙafa in yana aiki?"

"A kan wancan abin mana. Shekara nawa ina cewa wuta za ta ja shi."

Ta taka fulogin, ta danna. Fanka ta yi tari, allo ya kawo haske. Ashe ramin soket ɗin ya daɗe da sakewa, ƙafar Baba ce ke riƙe da shi, shi kansa bai sani ba.

"Daman nan zan duba gaba," in ji Injiniya. Da takardar ta buɗe a allo ya matso, don ya ɗauka wasiyya ce.

A saman takardar an rubuta: Yadda Ake Tafiyar da Iya.

"Karanta," in ji Baba. Sukudireba ta fara.

"Ɗaya. Farar ƙwaya da safe. Za ta ce ta sha. Ba ta sha ba. Biyu. In tana neman tabarau, a duba kanta. Uku. In ta ce ba komai, a ja kujera a zauna."

"Ji tsohon nan! Ni ce injin?" Iya ta kai masa duka da gefen mayafi, tana dariya tana share ido.

Shafi huɗu ne za a buga, firintar Baba ma tsohuwa. Sukudireba ba ta ɗaga ƙafa ba sai da na ƙarshe ya fito, ta tashi tana ɗingishi. Baba ya karɓa, ya gano waƙafi ɗaya da ya ɓace, ya ce a bari haka.

Bayan kwana biyu ya cika, da hantsi, ya gama shan shayinsa.

Da mutane suka watse, Sukudireba ta shigo da sabon soket. Ta tarar da Iya a kujerar, silifas ɗin Baba a ƙafarta, ta taka fulogin, fanka na ta gurnani.

"Mayar da abinki, 'yar nan. Wannan lafiyarsa ƙalau."

"To. Iya, kin sha farar ƙwayar?"

"Na sha."

Sukudireba ta dubi shafin farko da ke manne a bango. Ta ajiye soket ɗin bakin ƙofa, ta tafi ɗebo ruwa a kofi.